Yana Cewa Da Sauƙi, Gumi Na Karyo Masa

Goggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Shekara biyu da aurenmu. Maigidana direban motar auduga ne tsakanin Pitowa da Garwa, yanzu wata huɗu yana kwance, ciwon daji a hanta. A lopital, wato asibiti, Madam Germaine mai jinya ta ba ni maganin ruwa na rage zogi, ta ce cokali ɗaya duk awa huɗu, ko ya nema ko bai nema ba. Uwarsa kuwa ta ce ba a ɗura wa mutum magani bai ce wayyo ba, zai saba da shi, ya riƙa barci sallah tana wucewa. Sai na koma tambayarsa. Kullum amsarsa da sauƙi, musamman in 'yan dubiya sun cika zaure, ni kuma in mayar da kwalbar. A littattafan soyayya na Faransanci masu hotuna da nake karantawa, mace kan kalli idon mijinta ta gane komai. Ni na kalla har na gaji. Jiya dai na ga ya tsinke gefen tabarma da farcensa, gumi na karyo masa. Ni ce ban iya so ba, ko shi ne bai yarda da ni ba? Wa zan bi?

Mai Kwalba a Hannu, Garwa

'Yata, wane namiji ne a Garwa zai ce yana jin ciwo a gaban baƙi? Haka aka rene shi, ba ke ya ƙi ba. Tabarmar nan ta riga ta ba ki amsa.

Likitocin da suka daɗe suna nazarin masu irin wannan cuta sun gano cewa tare ciwo kafin ya dawo ya fi sauƙi a kan korarsa bayan ya kama. Shi ya sa aka ce ki bi agogo. Tsoron surukarki kuma ba shirme ba ne, maganin yana sa barci, musamman a kwanakin farko. Ki tafi da ita wurin Madam Germaine ta faɗi damuwarta da bakinta. In barcin ya yi yawa, masu jinya ne za su gyara awon, ba ke ba.

Ki sani, maganin ba zai warkar da shi ba, sauƙi zai ba shi. In kun keɓe, ki daina tambayar jiki. Tambaye shi abin da yake so ya iya yi gobe: zama a ƙofar gida, ko sallah a zaune. Wannan zai amsa miki. Allah Ya sassauta masa, ke kuma Ya ƙarfafa zuciyarki.

Goggo