Inci Biyun da Baba Ya Cire

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki, da kuma aikin asibiti. Na rubuto ne maimakon in kira, don kin san kunnen mamanki, ko a shago na yi tari sai ta ji.

Auta, mamanki tana raguwa. Ba rama nake nufi ba, tsawo. Shekara talatin da shida ni ke ɗinka mata kaya. Daga kafaɗarta zuwa idon sawu inci hamsin da huɗu ne, ko littafin awo ba na dubawa. Bara na ga doguwar rigarta tana sharar ƙasa, na ɗauka kuskurena ne. Bana ma haka. Sai na riƙa kwasar rigunanta ɗaya bayan ɗaya da sunan gyaran zif, in je shago in rage ƙasan, in sake kalmasa. Inci biyu ke nan na cire, ba ta sani ba.

Makon jiya ta wanke ni tas, wai na ɗaga mata igiyar shanya. Wallahi ban taɓa ba. Yanzu kujera take takawa ta yi shanya. Ko ciwon sugan nan nata ne? Ki faɗa mini gaskiya, tsoro nake ji.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Mama. Na karanta takardarka na yi dariya, daga baya na shiga ɗakin magunguna na share hawaye.

Idonka bai yi ƙarya ba. Ciwon suga in ya daɗe, ba ido da ƙafa kaɗai yake taɓawa ba, yana raunana ƙashi, balle ga mace mai shekarun Mama. Ƙashin baya kan lotsa a hankali, sai tsawo ya ragu. In an kai nan, 'yar faɗuwa kaɗan sai ƙugu ya karye, kuma irin wannan karaya tana kwantar da mutum watanni. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Akwai hoton da muke ɗauka na ƙarfin ƙashi, akwai magani in an zo da wuri.

Ka ɓoye kujerar nan yau. Sannan ka faɗa mata, ka kawo ta. Baba, ka yi haƙuri, almakashi ba zai warkar da ita ba.

'Yarka mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kujera kam tana shago. Igiya ma na sassauto da ita. Maganar ce ta gagara.

Sau uku ina buɗe baki. Na ƙarshe har na ce, “Dama akwai wata magana.” Ta ɗago tana goge yatsan da ta huda don gwajin suga, ta ce, “Ina jin ka, Malam.” Sai na ce gishiri ya yi kaɗan a miya. Kin san ta sha faɗa cewa ciwo ɗaya ya ishe ta. Da wane bakin zan ƙara mata na biyu?

Ki ƙara mini mako guda.

Babanki

*

Autata,

Ina gaishe ki, ya aiki? Ki gaya wa babanki, mai ɓoye wasiƙa ba a aljihun rigar wanki yake ajiye ta ba.

Ni na riga shi sani. Wace mace ce ba ta gane sabon zare a tsohuwar rigarta? Bayana ya fi shekara yana ciwo, na yi shiru, domin lokacin da aka ce ina da suga, mutumin nan wata guda bai ci abincin kirki ba.

Jiya na miƙa masa tef, na jingina da bango, na ce, “Auna ni, kuma ka faɗa da ƙarfi.” Ya auna, ya ce, “Hamsin da biyu.” Na ce, “To, ai da saura da yawa.” Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hula.

Muna tafe ranar Litinin. Ki samo masa wurin zama kusa da ni, shi ne zai fi buƙata.

Allah ya raya ki.
Mamanki