Manhajar Shanu Ta Jawo Mini Karaya, Ƙanena Ya Wasa Adda

Baba Malam,

Ka taimake ni kafin ranar kasuwa ta zagayo, domin ina tsoron abin da zai fito daga bakina. Matata Muhsina ce ke rubuta maka wannan, ni hannuna na dama yana cikin ɗori.

Ina karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, ɓangaren tafiyar da sababbin dabaru da fasaha. Da aka ce kowa ya nemo wata matsala a garinsu ya gwada warware ta, sai na zaɓi kara, kasuwar shanunmu ta Potiskum, inda na tashi ina riƙe wa kawuna Hammawa igiya. Shi fatoma ne, a gidansa makiyaya ke sauka, shi ke sayar musu da dabbobi, shi ke tsaya musu. Tun ina yaro abu ɗaya ke ci mini rai: dillali ya ja mai saye gefe su yi ta raɗa, mai saniya yana tsaye kamar baƙo. Sai na haɗa manhajar waya. Duk bijimin da aka sayar, in sa hotonsa da farashinsa da sunan mai shi da rugarsa, kowa ya gani. Malamina ya yaba ƙwarai.

Ana nan, wani makiyayi mai suna Joda, baƙon kawu, ya sayar da bijimai, na sa kamar kullum. A hanyarsa ta komawa ruga, wajen Danchuwa, aka tare shi aka sassare shi, har yanzu yana asibiti. Ni ban ga haɗina da wannan ba, ɓarayi ba yau suka fara ba. Amma da na koma kara sai dillalai suka rufe ni. Kawu ne ya fara ɗaga sanda. Suka tattake wayar, suka zubar mini da haƙoran gaba, suka bar ni kwance cikin kashin shanu, jini ya cika mini baki.

Yanzu ƙanena Bilyamin ya tara abokansa, sun wasa adduna, umarnina kawai suke jira. Mahaifiyarmu ta daina cin abinci, domin ita da Hammawa cikinsu ɗaya. Wallahi duk lokacin da hannun nan ya motsa, so nake in ga kawu kwance inda ya kwantar da ni. Mene ne laifina don na nemi a daina cutar makiyaya?

Mai Ɗori, daga Yindiski

AMSA

Ɗana,

Kafin ka gama karanta wannan, ka kira Bilyamin, ka karɓe addunan nan ka miƙa wa mahaifiyarku ta kulle. Ka furta masa da bakinka cewa ba ka yarda ba, domin yaro mai zafin kai yakan ɗauki shirun babba a matsayin izini.

Dukan da aka yi maka zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Kawu ba ya gyara ɗan ƙanwarsa da sandar korar shanu a gaban jama'a. Kana da haƙƙin kai ƙara ga shugabannin kara ko ga hukuma, kuma ba zan hana ka ba.

Sai dai akwai abin da ka wuce da sauri a wasiƙarka. Raɗar nan da ka tsana, akwai cuta a cikinta, gaskiya ne, amma akwai sutura. Makiyayi ba ya faɗa wa ko surukinsa yawan shanunsa, balle ya bari duniya ta san ranar da ya kama hanyar daji da kuɗin bijimai a jikinsa. Fatoman da baƙonsa ya sauka lafiya ya koma a sassare, mutuncinsa ne ya zube. Ba zan ce manhajarka ce ta nuna Joda ba, amma kai ma ba ka da ikon rantsuwa cewa ba ita ba ce. Shin ka nemi yardarsa kafin ka sa sunansa?

Karatun da kake yi bai tsaya ga ƙera sabon abu ba. Babban sashensa shi ne sanin yadda za a shigar da shi cikin mutanen da suka riga ka zama a wurin. Saboda haka ka cire sunaye da rugage yau, ka bar irin dabba da farashinta kawai. Ka je ka duba Joda da ɗorinka a wuya. Bayan haka ka nemi dattijon da kawunka ke jin nauyinsa ya zaunar da ku. Abin da ya faru kuma ka rubuta shi a kundin bincikenka ba tare da ɓoye komai ba, zai fi kowane babi amfani.

Ƙashinka zai haɗe, da yardar Allah. Amma in aka sari Hammawa, mahaifiyarka za ta rasa ɗan'uwa da ɗa a yini guda, kuma babu mai ɗorin da zai iya gyara wannan.

Allah Ya ba ka lafiya kai da Joda, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarku, Ya sa ka kammala karatunka cikin aminci.

Malam Abdulrahim