Audugar da Ba Ta Ƙone Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar nan taki mai kumburi? Inna tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko har yanzu kina wuni a tsaye a wurin aiki.

Na san za ki yi dariya ki ce Auta ya koma rubuta wasiƙa kamar mutanen da. Ai ke kika jawo. In na kira ki, kafin in kai tsakiyar magana kin tare ni da faɗa. Takarda kuwa dole ki bi ta har ƙasa kafin ki samu bakin magana.

Albishirinki. Baba ya bar sigari.

Baban nan namu dai, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota da kara a baki, wanda likita ya gaya wa a gabanki cewa in bai daina ba huhunsa zai ajiye aiki. Kin yi kuka, Inna ta yi fushi, an ɓoye ashana, duk ya yi mana kunnen uwar shegu. Abin da ya raba shi da ita shi ne aikin nan nawa da kike kira wasan yara.

Bari in yi miki bayani sau ɗaya, ko kya daina cewa ina dafa shayi a aljihu. Sigarin lantarki ne. Batir yana cikin ɗan akwati, a samansa akwai ɗan tanki na gilashi da ake zuba ruwan taba mai ƙamshi. A cikin tankin akwai siririyar waya da nake naɗewa a jikin sukurdireba, in zura auduga ta tsakiyar naɗin. Auduga ta sha ruwan, a danna maɓalli, naɗin ya yi zafi, sai tururi ya fito a zuƙa. Akwai na kanti, amma ni da hannuna nake ƙera nawa a bayan shago, in na gama da fankoki da rediyoyin mutane. Da shi ni ma na rabu da sigari, wannan kin sani ko da ba kya son yabona.

Na Baba da katako na sassaƙa shi. Kin san yadda yatsunsa suka lanƙwashe, ba sa miƙewa sosai. Sai da na zauna a bakin gadonsa na auna tafin hannunsa, na sa maɓallin daidai inda babban yatsansa ke sauka, na goge katakon har ya yi santsi. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce jikin mota ya yi kyau, saura a ji inji. Da ya zuƙa ya yi tari har da hawaye, ya ce baƙunta ce, za su saba.

Yanzu kullum da yamma in na rufe shago ɗakinsa nake wucewa in cika masa tanki, washegari in tarar ya shanye tas. Ba ya rasa ƙorafi, kin san mutumin naki. Yau maɓalli ya yi tauri, gobe bakin ya yi faɗi, jibi ya cika nauyi a aljihu. Har na ƙera masa na biyu. Likita dai ya ɓata rai, ya ce shi ya fi son a bar duka biyun, sigarin da na lantarkin. Na ce a bi mu a hankali, ai da rarrafe yaro kan tashi.

Kada ki ɗaga hankalinki ki ce za ki taho, komai yana hannuna. Ki shafa min kan yara.

Ƙaninki mai wasan yara,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma jikin ƙaramar taku ya yi sauƙi. Mu nan da sauƙi za a ce. Inna lafiyarta ƙalau. Baba ne dai tarin bai sake shi ba, yanzu daga ɗakinsa zuwa ƙofar gida sai ya tsaya ya dafa bango.

Yaya, na cika baki a wasiƙar da ta wuce, yau zan haɗiye abina.

Da na ga tarin ya ƙi tafiya, ban kalli Baba ba, na'urar na kalla. Haka muke, mu masu wannan aikin. In abu bai yi daidai ba sai mu ce iska ce ba ta shiga sosai, ko naɗin ne ya yi kusa da bango. Na zauna na ƙera na uku, mai naɗi biyu, tankinsa ya fi na baya girma. Abokaina masu irin wannan sha'awa suka yi ta santinsa, ɗaya har ya ce in bar masa. Na kai wa Baba baki har kunne.

Akwai abin da ba ki sani ba game da audugar nan. In ana zuƙa, ba ta daɗewa take komawa kalar shayi, wayar kuma ta yi baƙin datti, dole a buɗe a sauya. Ni kuwa saboda ɗokin ƙera sabo, ban taɓa buɗe na Baba ba. Kafin lokacin sauya auduga ya yi, na kawo wani na ajiye tsohon. Ranar nan shago ba kowa, na ce bari in wanke na farkon da na biyun. Na kwance tanki, sai ga auduga fara sol, a jiƙe kawai. Wayar tana ƙyalli kamar yanzu na naɗa ta. Na buɗe na biyu, shi ma haka. In ban da zuƙa ɗayan nan da yake yi a gabana don in gani, ba a taɓa shan su ba.

Na rufe shago da rana tsaka na koma gida ta ƙofar baya. A bakin makwararar ruwa da ke bayan tagarsa na ga kiyashi sun yi baƙi, wurin yana ta ƙamshin ruwan da nake haɗawa da hannuna. A nan tankin yake ƙarewa kullum.

Na tsare Inna a kicin. Ba ta yi gardama ba, ta zauna a kan kujera ta goge ido da gefen mayafi. Ta ce da zarar na fita da safe yake tuttular da shi, sannan ya lallaɓa garejin da ke ƙarshen layi wurin tsofaffin abokan tuƙinsa, a can yake shan abarsa. Ta sani tun farko. Shi ya roƙe ta kada ta gaya mini, wai yaron ya sha wahala a kan katakon nan.

Na yi fushi, Yaya. Na shirya maganganu a raina tun daga kicin har ƙofarsa. Da na shiga na tarar da shi a kishingiɗe, na ukun yana kan cikinsa, ya miƙo mini yana cewa wannan kuma yana ɗumama hannu, a duba. Na karɓa, na cika tanki, na ce zan duba. Na fito abina.

Yanzu kullum haka muke yi. Ni ina zubawa na san inda za shi, shi yana yabawa ya san bai sha ba, kuma numfashinsa kullum ƙara gajarta yake. Duk watannin da nake murna ina aika miki albishir, sigari yana nan yana cinsa. Abin ya fi ƙarfina. In za ki samu hutu a wurin aiki, ki taho, wataƙila ke ya ji maganarki.

Ki gaida maigidan.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa gida lafiya, kin tarar da yara lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Inna tana ƙoƙari, ta fara cin abinci kaɗan kaɗan, sai dai har yanzu in ta dafa shayi kofi uku take jerawa.

Kin tambaye ni yadda kwanakinsa na ƙarshe suka kasance, na ce miki lafiya ya tafi. Gidan cike yake da mutane, kuma ke kina ta kukan cewa ba ki riske shi ba. Ban ga wurin da zan ajiye wannan maganar ba sai a takarda.

Ranar da numfashi ya gagara muka kai shi asibiti, bai yarda an fita da shi ba sai da aka sa masa na katakon nan a aljihu. Na cire batir ɗin saboda tukunyar iskar da suka jona masa. Haka ya riƙa nuna shi ga ma'aikatan jinya da maƙwabcin gadonsa, yana cewa ɗansa ne ya ƙera, a duba yadda maɓallin ya zauna daidai yatsa. Ni ina tsaye kamar in nutse.

Wata safiya da Inna ta fita karɓo magani, na kasa riƙewa, na ce masa na buɗe tankunan, na ga audugar. Na zaci zai ji kunya. Dariya ya yi, irin wadda ba ta da sauti don babu iskar yin ta. Ya ce ai ya san na sani, tun ranar da na daina tambayarsa yadda na'urar take jan iska. Ya ce tururin shaƙe shi yake yi tun zuƙar farko, ƙirjinsa bai taɓa karɓa ba. Na ce to me ya hana shi faɗa, da mun nemi wata hanya tun da sauran lokaci. Sai ya ce tun da na buɗe shago, daga bakin ƙofa nake gaishe shi in wuce, sai da katakon nan ya zo na fara zama a bakin gadonsa har ina riƙe hannunsa. Ƙorafin maɓalli da nauyi duk shi ya ƙirƙira. Ya ce direban da ke son hira da bakanike ba ya rasa ƙarar da zai ce ya ji a inji.

Yaya, ban san inda zan sa wannan maganar ba har yau. Ni ina can ina gasa da abokai a kan wanda tururinsa ya fi cika ɗaki, shi kuwa abin da yake nema bai wuce in ja kujera in zauna ba.

Daga baya likita ya kira ni gefe ya ce babu sauran abin da za su yi, gara ya koma ɗakinsa. Muka dawo da shi da tukunyar iska. Washegari da la'asar ya buɗe ido ya ce yana son sigari, kara ɗaya. Inna ta dube ni, na dube ta. Ni da na yi shekara ina yaƙi da abin nan, ni na taka zuwa kanti na sayo.

Na rufe tukunyar na fitar da ita tsakar gida, na buɗe taga. Yatsunsa ba sa iya riƙe komai, don haka a bakina na kunna, na kai masa leɓe. Ya yi ƙoƙari ya ja, ya sake ƙoƙari, wutar ko ja ba ta yi ba. Ƙirjin ba shi da sauran ƙarfin jan sigari. Na ce bari in kashe, ya girgiza kai, ya ce in bar ta ya ji ƙamshin kawai, kuma in matso.

Na matso har kafaɗata tana taɓa tasa. Haka muka zauna, hayaƙi yana tashi tsakaninmu, toka tana zuba a kan wandona, shi yana numfashi a hankali kansa a jingine da ni. Ta ci har ta iso yatsuna tana ƙona ni, ban sake ta ba, don na san in ta mutu zan tashi in mayar masa da robar iska, kuma bai so in tashi ba. Da safe ya cika.

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Ki riƙa kiran Inna, ta fi sakin jiki da muryarki. Ki gaida maigidan da yara, Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙaninki,
Auta