Kaset Ɗin Gwaram Bai Lalace Ba

Zuwa ga Shugaban Shirin Haƙa Rijiyoyi, Shiyyar Birnin Kudu da Gwaram.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mai kula da kwamfutar ofishin Gwaram, wanda kuka dakatar bisa zargin salwantar da bayanan rijiyoyin Dingaya. Na nemi ganinka ban samu ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Da aka kafa sabuwar jiha, an ce kowane ofishi ya sami na'urar kwafe bayanai a kaset. 'Yan kwangila biyu suka nema, sai kwamiti ya raba musu, don kada a ɓata wa kowa. Ɗaya ya kai wa Birnin Kudu samfurin DAT, ɗaya ya kawo mana QIC. A wajen kwamiti, kaset ai kaset ne.

Na biyu. Ba ɗaya ba ne. Kaset ɗin DAT ɗan ƙarami ne, bai fi kwalin ashana da yawa ba. Ya fi ɗaukar bayanai, amma na'urarsa sai da yawan sharewa, ga saurin laushi. Na QIC ya kai tafin hannu, gindinsa ƙarfe, ga ƙara kamar injin markaɗe. Bai kai wancan ɗauka ba, sai dai ya fi jure wuya. Ban ce wani ya fi wani ba. Abin da na ce shi ne, na'urar wannan ba ta karanta na wancan.

Na uku. Kowace Juma'a nakan kwafe aikinmu a kaset in aika Birnin Kudu ajiya. Da tsawa ta ƙone kwamfutarmu da na'urarta, masu bincike suka ɗauko kaset ɗina suka yi ta tura shi a bakin na'urar DAT. Ya ƙi shiga, sai suka rubuta cewa ya lalace. To, ina zai shiga?

Na huɗu. Yanzu a kasuwar Gwaram cewa ake na ɗauki waƙa a kan kaset ɗin gwamnati. Har mahaifiyata ta tambaye ni ko gaskiya ne. Wallahi wannan ya fi dakatarwar yi mini ciwo.

Roƙona guda ne. A aro na'urar QIC, ko daga Kano ne, a saka kaset ɗin a gabanka da gaban kwamiti. Kafin nan, don Allah a hana kowa sake tura shi da ƙarfi. In ya buɗe, a wanke sunana a rubuce. In an tarar babu komai a ciki, ku sallame ni a ranar, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam.

Mai kula da kwamfuta, ofishin Gwaram.