Hoton da Kawu Ya Ce Gona Ce

Zuwa ga ƙanena Issufu, can Faransa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan sanyi bai cinye maka kunnuwa ba, ina sanar da kai, da duk mai leƙen wannan takarda, babban labari: hoton da ka aiko ya samu ƙusa a zauren Kawu Mamman a Ollelewa. Kai ƙasa aka rataye shi, amma an rataye.

Na yi musu bayani yadda ka rubuto. Na ce dutse ne mai ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, kana ɓare shi da takarda mai danƙo, ka sanyaya shi fiye da duk randar duniya, sannan wata allura ta bi bayansa tana lalube har ta zana abin da ido ba ya gani. Na ce ɗigon da ke cikin hoton ƙwayoyin dutsen ne, kuma in sanyi ya kai, lantarkin da ke ciki yakan taru tudu-tudu a jere maimakon ya bazu.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya yanke hukunci: gonar Nasara ce aka ɗauko daga jirgi, ga ramukan shuka nan a jere. Manomin ne ya ɓata masa rai, don kowane rami na uku sai ya cika masa iri. Shekara huɗu, in ji shi, ana koya maka ɓarnar hatsi.

Dangi suka zauna. Akwai kujerar aiki a wani buro, wato ofis, a Tanut, Kawu ya riga ya kai gaisuwa, kuma ni mushen lakwal, malamin makaranta mai alƙalami, aka ce in rubuto ka dawo kafin damina.

Na ƙi. Suka turo liman, na dafa masa shayi, na ƙi. Yau kasuwa uku Kawu bai amsa sallamata ba, kuma ban rame ba. Na san buron nan: hatimi ɗaya, ƙarti biyar suna gadinsa. Ba da hannuna za ka zama na shida ba.

Ka lura da abu guda. Malamanka sun sha wuya kafin su ga wannan tudun da ke kan kowane ɗigo na uku, tsohon nan kallo ɗaya ya yi masa. Ido a gidanmu yake, haƙurin zama a kansa ne kai kaɗai ka samu.

Ina tuna ka kwance bisa tudun rairayi kana ƙirga layukan da iska ta zana, awakinmu kuwa suna cikin waken maƙwabta. Na ɗauko tsumagiya, marigayiya Inna ta riƙe min hannu. Ku ƙyale min auta, takan ce, bai gama kallo ba.

To, ka gama kallonka, auta. Kada ka dawo sai ka ƙare. Allah ya dafa maka, ya tsare ka a ƙasar mutane, ya jiƙan Inna.

Yayanka,
Abdu

Ranar da ka hau motar Damagaram, a tasha ni na fara cewa aikin banza za ka, tun kafin Kawu ya buɗe baki. Ban yi daidai ba.