Sunan Shawna a Dutsen Gaban Kotu

Harlow Gap, Kentucky
18 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Roscoe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Danette da yara, kuma sanyin Alaska bai fi ƙarfinku ba bana. Ubangiji ya tsare ka a kan teku, ya cika muku jirgi da kifi, ya dawo da kai gida da yatsunka goma. Mu nan muna nan yadda ka bar mu. Mama na fama da gwiwa, amma ranar Lahadi sai da ta dafa wake da burodin masara ta ci kwano biyu, washegari ta kalli likita ido cikin ido ta ce ta daina cin gishiri. Kawu Virgil ya rabu da tsohuwar motarsa, yana ta kewarta kamar an yi masa rasuwa. Ni kuma barewa ta cinye mini kabeji tas, ko ganye ɗaya ba ta bar mini ba.

Amma ba don kabeji na ɗauki biro ba. Zancen Shawna ne, ƙanwarmu, wadda ka daina ɗaga wayarta tun watan Afrilu. Zan faɗa maka komai daga farko, don kada wata rana ka ce ba ka sani ba.

Ka tuna ta shiga soja tana 'yar shekara goma sha tara, wata biyu bayan ta auri abokinka Dewey Sizemore. Ta yi shekara bakwai, ta dawo daga Iraƙi da ƙafa ɗaya, takardar sallamarta tana ɗauke da suna Saje Shawna Sizemore. Da auren ya mutu, alƙali ya mayar mata da sunan gidanmu, Tackett. Ta bi ofis-ofis ta canza lasin tuƙi da katin asibiti da duk abin da ke canzuwa. Takardar sallamar nan kaɗai ta rage. Duk inda ta je neman aiki ko wani haƙƙinta na tsohuwar soja, sai an buƙaci takardar, sai ta tsaya tana yi wa baƙo bayanin wane ne Sizemore. Ta daɗe tana haɗiye wannan, har zancen dutsen ya taso.

Bara ne aka yanke shawarar kafa bangon dutse a gaban kotu, a sassaƙa sunan duk wanda ya yi soja daga yankinmu. Shugaban kwamitin kuwa Burl Sizemore ne, uban Dewey, mutumin da kaf zuriyarsa babu wanda ya taɓa sa kaki. Shi ya kafa dokar cewa sunan da ke takardar sallama shi za a sassaƙa, ba ƙari ba ragi. Shawna ta same shi a wajen taron kwamiti da takardar kashe aure a hannunta, ta roƙe shi cikin ladabi. Ina wurin. Ya yi murmushi, ya kira ta surukarsa a gaban mutane, ya ce wai suna ne suka ba ta kyauta ta tafi yaƙi da shi, kuma sun gode da ta dawo musu da shi bai ji ciwo ba, ko da yake ƙafar ba ta yi wannan sa'ar ba. Mutum biyu suka yi dariya. Sauran suka sunkuyar da kai suna juya kofin kofi.

Daga nan ta cike takardar neman gyara zuwa hukumar da ke duba takardun soja. Wata mata mai suna Misis Amburgey, da ke taimaka wa tsofaffin sojoji da irin wannan, ta gaya mata gaskiya tun farko. Ta ce takardar sallama tarihi ce, ba a canza ta don kawai aure ya mutu, sai in mutum ya nuna cewa barin sunan zalunci ne a kansa, kuma hakan sai da shaida. To, Shawna ba ta taɓa kai Dewey ƙara ba. Ranar da ya karya mata muƙamuƙi, a asibiti cewa ta yi sanda ce ta zame mata. Mutum ɗaya tak ya gani da idonsa, kuma kai ne, Roscoe. Ranar bikin 'yancin ƙasa ce, a bayan gidansu, lokacin da ya cire mata ƙafar roba ya jefa kan rufin rumfa, ya ja ta da gashi a kan ciyawa. Kana tsaye wajen gashin nama da faranti a hannunka.

Sau uku ta rubuto maka. Shafi ɗaya ta nema, ka faɗi abin da ka gani ka sa hannu. Amsarka ta bakin Mama muka ji, wai ba ka son shiga tsakani, wai Dewey abokinka ne tun firamare, wai abin da ya wuce a bar shi ya wuce. Mama ta maimaita mana wannan tana kallon ƙasa. Ana cewa naka sai naka, daɗin zama sai bare. Kai daɗin zaman ka zaɓa. Shiru ma magana ce, kuma naka ya isa har inda aka nufa: cikin Oktoba amsa ta zo, shafi biyu, cikin ladabi, cewa babu hujjar da ta isa, amma tana iya sake nema in ta sami sabuwar shaida.

Ranar sha ɗaya ga wata, ranar tsofaffin sojoji, aka buɗe dutsen. Na ce mata kada ta je, ta ce ita ba ta saba gudu ba. Burl ne ya karanta sunayen. Da ya zo kan nata sai ya dakata, ya dafa ƙirji, ya ce gidansu ma sun ba ƙasa nasu. Aka tafa masa. Dewey ya tsaya ya ɗora yatsa kan sunan aka ɗauke shi hoto, jaridar gari ta buga a shafin farko, ga shi nan na yanko na sa maka a ciki. Da za mu fita ya biyo ta kusa da mu, yana ƙamshin turare, ya sunkuya ya ce mata a hankali wai takarda ce ke kashe aure, dutse ba ya sakin mace, ko bayan ta mutu jikokin garin nan za su karanta ta a matsayin tasa. Ta ja hannuna muka wuce.

Washegari da tsakar rana ta ari injin goge ƙarfe na Kawu Virgil, ta ce masa ƙofar lambu za ta gyara. Ta sa rigarta ta soja, ta tafi gaban kotu, ta durƙusa a kan gwiwarta mai lafiya ta kunna injin. Ma'aikata suka fito suka tsaya a kan matakala suna kallo, babu wanda ya matsa. Ba ta taɓa sunan kowa ba. A nata ma ta bar kalmar Saje, ta bar Shawna, Sizemore ɗin ne ta goge har sai da wurin ya yi rami. Sannan ta kashe injin ta zauna tana jira.

Ɗan sandan da ya zo Lonnie ne, ɗan kawun Dewey. A ofishinsu ya ce sai ta cire ƙafar, wai akwai ƙarfe a cikinta, tana iya yi wa wani rauni da ita. Haka ta bi dogon barandan nan tana tsalle da ƙafa ɗaya tana dafa bango, yana bayanta yana ce mata ta yi sauri, ai sojoji da maci aka san su. Sai da yamma suka ba ni ita. A mota ta buɗe takardar tuhumar, ta ga an rubuta Shawna Tackett. Ta yi dariya har ta kasa numfashi, ta ce wannan ne karo na farko da hukuma ta rubuta wani aiki da ta yi da hannunta a ƙarƙashin sunanta na gaskiya. Dariyar ce ta koma kuka, na tsaya gefen hanya har ta gama.

Ranar tara ga Disamba za ta tsaya gaban alƙali. Burl ya riga ya faɗa a coci cewa za a sake sassaƙa sunan, wannan karon da zurfi. Na gaya mata zan rubuto maka, ta ce kada in ɓata kan sarki. Ta ce ta taɓa jan ƙato wanda ya fi ka nauyi daga tsakiyar hanya a Iraƙi ana harbi, ba uwarsu ɗaya ba, ko sunansa ba ta sani ba a lokacin, kuma har yau duk Kirsimeti sai ya aiko mata da kati. Don haka ba roƙonka nake yi ba. Adireshin Misis Amburgey na bayan hoton, ka yi yadda ka ga dama da shi.

Mama na gaishe ka, tana tambaya ko za ku zo Kirsimeti. Kawu Virgil na gaisuwa. Ka gaishe mini da Danette da kyau, ka ce na gode da safar da ta saƙa mini. Ka rungume mini Wade da ƙanwarsa Tessa. Kullum ina sa su a addu'a, kuma abin da nake roƙa musu ɗaya ne: ranar da Tessa za ta nemi mai tsaya mata, Allah ya sa Wade ya fi ubansa.

Yayarka,
Glenda