Malam, hotunanka sun tafi kuma laifinka ne

Assalamu alaikum, Malam. Ina gaishe ka a makwancinka da gaisuwar da ta kamaci mace ga mijinta. Jikarka Rabi ce ke rubutawa, ni ina faɗa, na kuma ce kar ta gyara mini ko kalma ɗaya, don yau da faɗa na zo.

Ka tuna kwamfutar nan da ka sayo a gwanjon ofishinku na safiyo, na masu awon filaye, da za ka yi ritaya? Ƙaton akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, gilashi a sama. In ka kunna ta, sai ta kama gurnani kamar injin markaɗe. A gilashin nan ka nuna mini hotunanmu na Makka, da bidiyon sunan Rabi inda kake dariya har hularka ta faɗi. In na matso sai ka ce, "Kallo naki, taɓawa tawa." Shekara da shekaru ban ji wani bayani ya wuce wannan ba.

To ga abin da rowar bakinka ta jawo.

Rabi tana koyar da matan aure a wata Islamiyya a Kinkinau, ba su da kwamfuta ko ɗaya. Ta ce tsohuwar taka za ta tashi in an zuba mata wani tsari, Linuks, wai mutanen duniya ne suka haɗu suka yi shi kyauta, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara, kuma ba ya raina tsohon inji. Na ce ta ɗauki akwatin ta bar mini gilashin. Na naɗe shi da zanena mai kyau na tura ƙarƙashin gado.

Yarinyar nan ta yi abin da ya dace. Ta soka wa akwatin ɗan filashinta mai ɗauke da sabon tsarin, injin ya tambaye ta ko ya share duk abin da ke ciki. Ta taso ta same ni ina tsintar shinkafa ta tambaye ni, sau biyu. Na ce ta share, abin da nake so yana wurina. Ita ta ɗauka an kwafe mini a waya ne. Ni kuwa a gilashi na saba ganinka, yaya za a yi in san a cikin ƙarfen nan kake?

Ran Juma'a na ce ta jona mini gilashin in gan ka. Ta tsaya tana kallona, sai ta zauna a ƙasa.

Mun kai wa mai gyara akwatin a bakin tashar Kawo. Ya ce sabon tsarin ya hau kan tsohon, ya danne abin da ke ciki. Ka san abin da ya iya tonowa? Taswirar filayen mutane a Rigachikun. Filayen wasu, Malam. Fuskarka babu, dariyarka babu.

Kawunnanta sun taso mata, na ce duk wanda ya ƙara buɗe baki ya bar mini gida. Ita ai ta tambaye ni. Kai ne ba ka taɓa zama minti biyar ka ce, Hauwa, nan ake ajiya, can ake kallo ba. Ka koya wa yaran ofis, ka koya wa maƙwabta, ni da ke share mata ƙura kullum ka mai da ni 'yar kallo.

Injin yana aiki, in kana son sani. Har ya fi da sauri. Na je na ga mata sa'o'in ƙannena suna danna shi ba mai buge musu hannu.

Abin da ke ci mini rai, na fara mance yadda haƙoranka suke in kana dariya. Jiya na yi ta ƙoƙari, goshinka kawai ke zuwa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, har da wannan. Ni ma zan yafe, amma ba yau ba.

Matarka,
Hauwa